Kunne Ɗaya na Inna, Ɗaya na Faranti

Ya ɗora farantin a kan yatsu uku, ya ɗalle bakinsa da farce, ya kasa kunne. Ya ajiye shi a layin masu lafiya, ya ɗauki na gaba.

Aikin Zomo ke nan a siton tangaran. Duk kwalin da aka sauke daga mota sai an buɗe shi a kan bencinsa, ya bi farantai da kofuna ɗaya bayan ɗaya. Mutane da yawa ba su san tangaran yana da murya ba. Mai lafiya, in aka ɗalle shi, amo yake yi siriri mai tsawo, kamar mai godiyar da bai san inda zai tsaya ba. Wanda ya tsage ta ciki kuwa, irin tsagar da ido ba ya gani, gajeriyar amsa yake bayarwa, tak, irin ta mutumin da aka tasa daga barci. Irin wannan farantin yana iya yin wata a kan kanta babu abin da ya same shi, ranar da aka zuba masa miya mai zafi sai ya rabe biyu a gaban baƙo. Saboda kunnensa aka ɗauki saurayin aiki, saboda kunnen kuma 'yan dako suka laƙa masa Zomo, har sunan yanka ya ɓace a siton.

A kunnensa na hagu kuwa, ta cikin iyafis ɗin da igiyarsa ta bi ta ƙarƙashin riga zuwa wayar da ke aljihu, Inna mahaifiyarsa ce ke magana. Mafarkinta take ba shi. Ta ce ta ga ana ruwan sama a cikin ɗakinsu kaɗai, waje kuma a bushe ƙayau, ga mahaifinsa marigayi tsaye a bakin ƙofa yana tambaya ko akwai mai aron lema. Zomo ya ce uhm, ya ɗalle wani farantin.

Tun da idon Inna ya rufe suke haka. Ƙanwarsa ta yi aure a nesa, sai su biyu a ɗaki da falo a saman bene. Inna ta ce ita ba duhun ne ya dame ta ba, duhu ai kowa ya san shi tun daga ciki. Shirun ne. Ta ce shiru yana da nauyi, da zarar ya fita sai ya zo ya zauna mata a ƙirji kamar kyanwa. Sai Zomo ya sayo mata waya mai manyan madannai, ya manna ɗan ƙwallin dutsen ado a kan madanni guda don yatsanta ya riƙa gane shi, ya nemo layin da mutum biyu ke hira a kai ba iyaka. Yana sauka daga bene zai kira ta, ba ya kashewa sai ya dawo ya yi sallama. Ba kullum suke magana ba. Wani lokaci ta yi ta tsintar hatsi da lalube yana jin ƙarar tire, ita kuma tana jin farantai da zage-zagen 'yan dako, har ta san su duka da murya, ta san wanda ke da mura da wanda matarsa ta yi yaji.

Matsalar ita ce siton ba wurin hira ba ne. Janareta na bayan bango yana ruri, manyan motoci na ja da baya a tsakar fili, ga masu jan amalanke. Muryar Inna kuma ƙarama ce. Sai ya riƙa ƙara sautin wayar kaɗan-kaɗan har ya kai shi ƙarshe, ya bar shi a can. Da farko ya yi rabo na adalci: kunnen dama na Inna, na hagu na faranti. Kusan shekara biyu rabon yana tafiya daidai. Daga baya wani gyare ya tare a kunnen dama, yana kuka ba hutu, muryar Inna kuma ta fara ja da baya kamar tana magana daga ƙasan rijiya. Ya ɗora wa iyafis laifi, ya sayi sabo. Ya ɗora wa waya laifi, ya kai ta gyara. Mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau. Wata safiya, ba tare da ya tsaya ya yi shawara da kowa ba, ko da kansa, sai ya mayar da Inna kunnen hagu, ya bar wa faranti na dama.

Dunƙulen ciyawar da ake cusa wa kwali ne ya doke shi a ƙeya. Ya waiwaya. Dogo, babban 'yan dako, yana nuna masa gefensa da haɓa. Uwar ɗakinsu mai siton ce tsaye a damansa, hannu a ƙugu, da alama ta jima tana kira. A ƙafarta akwai kwalaye biyu da aka riga aka yage bakinsu.

Zomo ya ce wa Inna ta ɗan jira, ya zaro wayar ya danna wurin da ke hana ta jin abin da ake faɗa, kamar yadda ya saba yi duk lokacin da za a yi masa faɗa.

Uwar ɗakin mace ce mai jiki, ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta. Ta ce otal ɗin da suka fi kowa sayen kaya ne suka dawo da waɗannan. Farantai sun yi ta rabewa a hannun masu raba abinci, ɗaya ma a kan cinyar wani baƙo mai farar riga. Wannan kuma ba shi ne karon farko ba a watan nan, ta dai yi shiru ne tana kallo. Ta sunkuya ta zaro wasu daga cikin waɗanda ba su riga sun fashe ba, ta jera su a kan benci, ta ce ya gwada mata.

Ya ɗalle su ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kunnen dama. Ya ce duk lafiyarsu lau.

"Cire abin nan," in ji ta. "Ka sake, da ɗaya kunnen."

Ya zare iyafis ɗin ya bar shi yana lilo a ƙirji. Ya juya kai, ya ɗalle na farko. Tak. Ya ɗalle na biyu, shi ma tak. Na uku ya yi amo, na huɗu ya amsa a gajarce. Bai ƙarasa sauran ba. Ya dubi tulin da ya tara tun safe a layin masu lafiya, ya dubi kwalayen da aka riga aka ɗaure jiya da shekaranjiya.

"To, ni wane kunnen na ɗauka aiki?" in ji uwar ɗakin.

'Yan dako suka yi kamar ba sa ji, alhali kowa ya rage tafiya. Ta ce ta san halin da mahaifiyarsa ke ciki, shi ya sa ba ta taɓa hana shi wayar ba, amma tausayi ba ya liƙe faranti. Jibi sabon kaya zai iso, mota cike. Ya ajiye aiki yanzu ya tafi asibiti a duba shi, ya dawo ya gaya mata gaskiya. In kunnen hagun yana nan da ransa, bencin nasa ne, da sharaɗin kunnen ya zama na benci. In kuma shi ma ya tafi, ba za ta kore shi ba, sai dai ya koma cikin masu sauke kaya, ta nemo wani.

Dogo ya ce lalle yau za a ga abin al'ajabi, zomo zai rikiɗa ya koma jaki. Ya ce kada ya damu, jaki ma ai kunnuwansa dogaye ne. Aka yi dariya kaɗan, aka fasa, don Zomo bai yi ba.

A tasha ya mayar da iyafis ɗin kunnen hagu, ya buɗe wa Inna ji. Ta tambaye shi me matar nan ta ce, don ta lura duk ranar da ya toshe ta haka to wani abu ya fashe. Ya ce ba komai, aike ne, masu dafa abinci a babban asibiti ke son ganin samfurin faranti. Inna ta ce madalla, marasa lafiya ma gara a ba su abinci a abin kirki, ko zuciyarsu ta buɗe. Daga nan ta koma kan mafarkin, tana son sanin ko ruwa a cikin ɗaki arziki ne ko mura.

Bas ɗin a cike yake. Kwandasta na dukan ƙofa, direba ya kunna rediyo, wata mata na rigima da wani a kan buhunta da ya taka. Zomo ya ji yatsansa ya tafi gefen wayar da kansa zai ƙara sauti, ya tarar babu sauran abin ƙarawa. Ya dubi mutanen da ke tsaye. Kusan duk wani mai ƙuruciya a motar akwai abu a kunnensa, fari ko baƙi, mai igiya ko marar igiya, kowa na kallon gabansa yana motsa baki shi kaɗai. Ya tuna lokacin yana yaro, in aka ga mutum na tafiya yana magana shi kaɗai, tsallake titi ake yi.

Sashen kunne yana can ƙarshen wata doguwar baranda, bayan sashen ido. Ya zaci zai tarar da tsofaffi. Akwai su, amma ba su kai rabin benci ba. Sauran duk sa'anninsa ne, wasu ma ba su kai shi ba, kuma da yawansu suna jiran a kira su ne da abin a kunne. Wani dattijo da ya zo wankin kunne ya matsa masa wuri, ya ce da can su ne ke da bencin nan, su zo su baje, yanzu kuwa in tsoho bai yi sammako ba sai ya tsaya a kan sandarsa jikokinsa na zaune. Zomo bai ji farkon zancen ba don dattijon na damansa, sai da ya juyo masa da fuska gaba ɗaya. Dattijon ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gama bincike.

Da aka kira shi, ya ce wa Inna zai shiga ofishin manya, ta jira shi. Ya zare iyafis ɗin daga kunne da kuma daga jikin wayar, ya kai babban yatsa ya shafi wurin toshe ji ba tare da ya duba ba. Kashe kiran bai ko zo masa a rai ba. Hannunsa ya daɗe da manta yadda ake yin haka da rana.

Mai gwajin kunnen mace ce siririya da tabarau, ba ta fi shi shekaru da yawa ba. Ta leƙa kunnuwansa da 'yar fitila, ta ce a tsabtace suke, babu datti babu ƙurji. Ta ce ya ajiye wayarsa a kan tebur. Ya kife ta a can kusa da kwalbar alƙaluma. Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki kamar kabad, bangonsa da laushi, ƙofarsa mai kauri irin ta firji, da 'yar taga ta gilashi. Ta ɗora masa manyan abin ji a kai, ta ba shi madanni a hannu, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ya danna. Ta rufe ƙofa.

Bai taɓa shiga shiru irin wannan ba. Ya ji bugun zuciyarsa, ya ji haɗiyar yawunsa. Sai ga ƙara siririya a dama. Ya danna. Ba ta tsaya ba, ya sake dannawa, ya sake. Ta gilashi ya ga matar ta ɗago kai tana kallonsa. Ta taso ta buɗe ƙofar.

"Malam, ban fa kunna komai ba tukuna."

Gyarensa ne. Ya ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ba shi ne na farko ba, akwai wanda ya taɓa danna mata har madannin ya maƙale. Ta ce ƙararta tana zuwa ne a yanke-yanke, ya bar mai dogon numfashin, wannan tasa ce.

Aka fara. Ƙararrakin suka riƙa zuwa, masu kauri kamar kukan saniya daga nesa, sannan masu sirantaka. A hagu ya bi su har inda suka ƙanƙance kamar zaren gizo. A dama kuwa, da aka hau sama sai ya ga hannun matar na motsi a kan na'ura, shi kuma yana zaune da madanni kamar wanda aka bari a tasha.

Suka dawo teburinta. Ta juyo masa da allon na'urar, ta nuna masa layi biyu, ja na dama da shuɗi na hagu. Jan ya tafi daidai sannan ya gangara kamar hanyar rafi. Shuɗin ya tafi daidai, sai ɗan lotsawa kusa da ƙarshe. Ta ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana, ido ba ya ganinsu, tsaye kamar sabuwar ciyawa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su. In aka ba su hutu sukan miƙe. Amma wurin da ake takawa kullum, safe da yamma, hanya yake zama, ciyawa kuwa ba ta sake fitowa a kan hanya. Ta ce siraran sautuka ne ke fara tafiya. Zomo ya gane ba sai an faɗa masa ba: wutsiyar amon faranti ke nan, daidai abin da ake biyansa ya ji.

Ta ce abin da ya tafi a dama ya tafi, babu allura babu ƙwaya. Hagun kuwa yana nan da kyau, amma shi ma an fara taka shi. Ta tambaye shi aikinsa, ya faɗa, ta yi mamaki akwai irin wannan aiki a duniya. Ta tambaye shi yadda yake amfani da waya, ya faɗa. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce wayar ba maita take yi ba, ƙarfin sautin ne da tsawon lokacin, a cikin hayaniyar da ita kanta ta isa ta gajiyar da kunne. Sannan ta yi murmushi ta ce wace mai sa'a ce wannan da ake wuni da ita a kunne, a gaya mata ta tausaya, ko a yi auren a huta.

"Mahaifiyata ce," in ji Zomo. "Ba ta gani."

Murmushin ya koma inda ya fito. Ta mayar da tabarau. Ta ce ita abin da na'ura ta nuna take faɗa. Ya riƙa kiranta a lokacin hutu, a wuri marar hayaniya, gajeriyar gaisuwa, sauti ƙasa-ƙasa, kuma a benci ya bar kunnen ya sha iska. Ya tambaya in ya rage sautin kawai fa, ya bar layin a buɗe? Ta ce shi ya san sitonsu, zai ji ta in ya rage? Ya ce a'a. Ta ce to.

"Ni kaɗai gare ta," ya ce. "Wayar nan ita ce tagarta. In na kashe, kamar na rufe ta a rami ne na tafi. Ba zan iya buɗe baki in gaya mata ba."

"In ka ci gaba haka, wata rana za ta yi magana a gabanka ba ka ji ba. Ita ba ta gani, kai ba ka ji. Wa zai ja wani?"

Ya ɗauki wayarsa daga kan teburin. Ta ce ya dawo bayan wata shida a sake aunawa, ta kira na gaba.

A baranda ya tsaya kusa da wata tukunyar fure da ta bushe, ya juyo fuskar wayar. Kiran yana nan yana tafiya. Alamar toshe ji kuwa ba ta kunnu ba, yatsansa gefenta ya shafa. Ya tsaya yana kallon abin. Wayar ta kwana biyu ba ta yi masa nauyi a hannu haka ba. Tun shigarsa ofishin take kife a kan teburin, tsakaninsa da matar, kamar baƙon da aka manta da shi a ɗaki.

Ya kara ta a kunnen hagu. "Inna?"

Ba ta amsa ba, amma layin ba shiru yake ba. Ya ji ƙarar ƙofa. Ya ji jan silifa a hankali, taku ɗaya, tsayawa, taku ɗaya, da wani saɓ-saɓ da ya ɗauke shi lokaci kafin ya gane tafin hannu ne ke bin bango. Inna ba ta fita ita kaɗai. Barandarsu kuma a bakin matakala take ƙarewa. Ya kira ta da ƙarfi har wata nas ta waiwayo. Ya ji ƙwanƙwasa, ya ji muryar wata mace daga nesa, sai layin ya yanke. Ya sake kira, aka ce wayar a kashe take.

Bas ɗin komawa ya yi ta rarrafe a cunkoso. Iyafis ɗin na dunƙule a aljihunsa. Rabon da ya ji gari da kunne tsirara har ya manta, sai ya ga abin baƙo: duk ƙarar duniya daga hagu take zuwa, kamar an ɗaga garin ta gefe ɗaya komai ya gangaro. Masu talla, hon, kukan jariri a kujerar baya, duk suna hagu. A dama gyare ne kaɗai. Ya yi ta shirya abin da zai faɗa. Zai ce wani majinyaci ake yi wa bayani, shi yana gefe yana jiran mai karɓar samfur. Sai ya tuna da bakinsa ya ce mahaifiyata ce. Zai ce likitoci sun saba kambama abu. Zai ce an ba shi magani. Kafin a iso tasharsu ya ƙera ƙarya wajen biyar, ya ɗalle kowace a ransa, duk suka ce tak.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya haura benen da gudu. Babu kowa a ƙasan matakala, ya yi hamdala. A baranda maƙwabciyarsu mai ɗinki ta leƙo, da tef a wuya da allura a baki. Ta cire allurar ta ce ya kwantar da hankalinsa, tsohuwa na ɗaki lafiya lau. Ta ce ita ma ta tsorata da ta buɗe ƙofa ta gan ta tsaye, hannu ɗaya a bango ɗaya riƙe da waya, don tun da suka tare a gidan ba ta taɓa ganin ta taka barandar ba sai a hannunsa. Cewa Inna ta yi a kashe mata wayar gaba ɗaya, ita madanni guda kawai ta sani.

Mai ɗinkin ta rage murya. "Ta ce in ka tambaya in ce a bokiti ta faɗa. Ni kuwa ƙarya ba ta zama a bakina, ga shi na faɗa maka. Kai ka san yadda za ka yi da ita."

Ta ƙara da cewa ta zaunar da ita ta ba ta shayi, Inna ta sha rabi, ta ce sukari ya yi yawa, ta kuma ce keken ɗinkin na neman mai, tun bara take jin sa ta bango yana kuka. Bayan haka ta rako ta ɗaki.

Ya yi sallama. Inna na zaune a bakin gado, ta yafa mayafinta kamar mai jiran baƙi, wayar na kan cinyarta a cikin tsumma. Ta amsa, ta yi masa sannu da dawowa, ta ce yau ya yi wuri. Ya ce an tashe su da wuri. Ta tambaya ko masu dafa abincin asibiti sun yaba da farantan. Ya ce sun yaba. Ta ce ai dole, kayan siton nan ba na wasa ba ne.

Ya zauna kusa da ita, tana damansa. Ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, ya ga leɓenta na motsi, ya ce na'am? Ba ta maimaita ba. Ta miƙa hannu ta lalubo kafaɗarsa, ta bi ta har wuya, ta taɓa kunnen da ke kusa da ita, ta riƙe shi kaɗan tsakanin yatsu biyu kamar mai duba yadi. Sannan ta tura shi a hankali.

"Zagayo ta nan ɓangaren. Nan akwai iska."

Ya tashi ya zagaya ya zauna, ta koma hagunsa. Babu wata iska, tagar ma a rufe take. Ta warware tsumman ta miƙo masa wayar. Ta ce tsautsayi ne, ta je ɗibar ruwa abar ta zame daga hannunta. Tsumman a jiƙe yake, an kuma shafa wa bayan wayar ruwa, har da ɗan ɗigo a kan ƙwallin da ya manna. Wurin caji da wurin batir kuwa a bushe suke ƙayau.

"Duba mini," ta ce. "Za ta tashi?"

Ya ɗora babban yatsa a kan madannin kunnawa. Ya san in ya danna ya riƙe, fuskar za ta yi haske, ta yi 'yar waƙarta, gobe da safe kuma ya sauka daga bene ya kira, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ya dubi Inna. Ta juya fuska wajen bango, ta miƙe wuya, tana saurare da dukkan jikinta.

Ya ɗauke yatsan.

"Ruwa ya shige ta, Inna."

"Haka na zata," ta ce. Ta karɓi tsumman ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa. Ta ce dama ta gaji da ƙarar farantan nan, suna sa ta ciwon kai, ga Dogo da bakinsa kamar kwata. Mutum ya tsufa yana jin zagin da bai taɓa ji a gidan ubansa ba.

Ya miƙe ya ɗora wayar a saman kabad, can baya. Ta bango aka ji keken ɗinki ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Ya jima a tsaye yana kallon ɗakin: gadon, kujerar roba, tiren hatsi, bokitin da ke cike har baki babu alamar an taɓa shi. Kullum in zai fita ita ce ke cewa ya ja ƙofar ya rufe da kyau, ba ta son a wuce a gan ta tana lalube.

"Gobe fa, Inna, in na fita?"

Ta gyara mayafinta.

"Gobe ta Allah ce. Ka dai bar mini ƙofar a buɗe."